KARATU TA WAYA: A DUBA MUDUN KAFIN A BIYA KUƊI

Daga Wakilinmu na Arewa

DUK wanda ya taɓa ɗauko wake daga kasuwar Dawanau ta Kano ya kawo Mile 12 a Ikko ya san ciniki ba ya ƙulluwa sai an daidaita a kan abin awo. Mu a gida da mudu da tiya muka saba, mutumin Ikko da derika yake saye, na Badun kuwa da kongo. Idan mai saye da mai sayarwa ba su san derika nawa ke cika mudu ba, to ɗayansu zai kwana da asara, kuma galibi baƙon ne ke kwana da ita.

Wannan magana ta awo yanzu ta shigo cikin sha'anin ilmi. 'Yan'uwanmu da yawa mazauna Kudu, masu gadi da 'yan tireda da direbobi da masu canji da ƙananan ma'aikata, sun bar makaranta ne ba don sun ƙoshi da karatu ba, sai don neman abin kai wa gida. Yau ga shi ana ce musu makaranta ta shiga aljihu, watau mutum yana iya zama a rumfarsa a Agege, ko Sabon Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, ya yi karatu ta wayarsa har ya sami takardar shaida. Maganar gaskiya ce. Amma shi ma wannan karatu yana da nasa mudun, kuma wanda bai san shi ba yana iya zuba kuɗin guminsa ya tashi a tutar babu. Abin da muke so mu bayyana wa masu karatu ke nan a yau.

DAGA GIDAN WAYA ZUWA WAYAR HANNU

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A zamanin Turawa da bayan samun mulkin kai, akawuna da malaman makaranta sukan aika kuɗi Ingila ga makarantu irin su Wolsey Hall ta Oxford da Rapid Results College, a riƙa aiko musu da darussa ta gidan waya, su amsa tambayoyi su mayar. A 1974 Jami'ar Ikko ta buɗe sashen karatu ta wasiƙa. A 1976, shekarar da aka fara shirin ilmin firamare kyauta, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, watau NTI, don horar da malamai suna bakin aikinsu.

Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, gwamnatin soja da ta biyo baya ta dakatar da ita a 1984, sa'an nan gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita, ta kama aiki a 2002. Ita ce ake kira NOUN. Hedkwatarta ta daɗe a Ikko kafin ta koma Abuja, kuma tana da cibiyoyin karatu a Ikko da Badun da Benin da Enugu da Fatakwal da sauran manyan garuruwa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, sai kowa ya ruga intanet, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe dandalin darussa na kyauta mai suna Nigeria Learning Passport, wanda har da darussan Hausa a cikinsa. A gefe guda kuma makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa, na kirki da na banza, kowace tana talla a Facebook da WhatsApp.

MENE NE ƘA'IDAR FASAHA?

Mu ɗauki misali da jirgin ƙasa, tun da shi ne ya kawo iyayenmu da yawa Kudu. Tsohuwar hanyar dogo da ta haɗa Ikko da Kano tun 1912, faɗin da ke tsakanin ƙarafanta ƙafa 3 ne da inci 6. Sabuwar hanya kuwa, irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da ta Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021, faɗinta ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Komai kyan taragon tsohuwar hanya ba zai hau sabuwar ba, domin ba da awo ɗaya aka ƙera su ba.

To haka darasin intanet yake. Wani ne ke rubuta darasin, wani kamfani ne ke ƙera manhajar da makaranta ke ɗora shi a kai, wani kuma daban ne ya ƙera wayar da ke hannunka. Waɗannan mutane ba su san juna ba, ba ma a ƙasa ɗaya suke ba. Abin da ke sa kayansu su dace da juna shi ne yarjejeniyar da aka rubuta kowa ya amince da ita, cewa ga yadda za a ɗaure darasi, ga yadda za a rubuta harafi, ga yadda za a aika maki. Ita ce ƙa'idar fasaha. Ɗalibi ba ya ganinta, amma ranar da aka saɓa mata shi ne ke shan wahala: darasi ya ƙi buɗewa, maki ya ɓace, ko takarda ta zama ba ta da amfani.

TSARIN DA SOJA SUKA FITO DA SHI

Mafi shaharar waɗannan ƙa'idoji a fagen horo daga Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fito. Sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowa yana sayen darussan kwamfuta daga kamfanoni dabam-dabam, amma darasin da aka saya wa wannan runduna ba ya aiki a injin waccan, sai an sake biyan kuɗi an gina shi daga tushe. Saboda haka a 1997 ma'aikatar ta kafa wani shiri don magance wannan ɓarna, a 2000 kuma aka fito da ƙa'idar da ake kira SCORM. An gyara ta a 2001, aka sake faɗaɗa ta a 2004, kuma har yanzu kamfanoni da makarantu a duniya suna aiki da ita.

Aikinta iri biyu ne. Na farko, ta tsara yadda za a ƙunshe darasi wuri guda, rubutu da hoto da murya da tambayoyi, tare da wata takarda a ciki mai jera abin da ke ƙunshin, kamar yadda direban babbar mota ke riƙe takardar kayan da ya ɗauko. Duk manhajar da ta san ƙa'idar tana iya kwance ƙunshin ta shimfiɗa wa ɗalibi. Na biyu, ta tsara yadda darasin zai riƙa ba makaranta labari: wane ne ya shiga, minti nawa ya yi, ina ya tsaya, maki nawa ya ci, ya gama ko bai gama ba.

Amfanin wannan ga mai gadin da ke karatu da tsakar dare a bayyane yake. Idan maigida ya yi ham a bakin ƙofa, ko caji ya ƙare, darasin da aka gina bisa ƙa'ida yana iya tuna inda aka tsaya, gobe a ɗora daga nan. Wanda aka gina da ka kuwa sai ya mayar da mutum farko, datarsa ta tafi a banza.

SCORM tana da nata rauni, domin an tsara ta ne lokacin da ake karatu a gaban babbar kwamfuta mai haɗe da intanet koyaushe. Don haka a 2013 aka fito da wata sabuwa, xAPI, wadda ke rubuta aikin ɗalibi cikin gajeruwar jimla, wane ya yi kaza, kuma manhajar waya na iya ajiye wannan labari idan babu sabis, ta aika da shi bayan sabis ya dawo. Ita kuma manhajar da makarantu da yawa ke ɗora darussansu a kai, Moodle, wani mutumin Ostireliya ne mai suna Martin Dougiamas ya fito da ita a 2002, kyauta ce, kuma tana karɓar ƙunshin SCORM.

Ga kuma darasin abin da ke faruwa idan aka dogara da kayan kamfani guda. Shekara da shekaru ana gina darussa masu motsi da wata manhaja mai suna Flash ta kamfanin Adobe. Wayoyin iPhone ba su taɓa karɓarta ba, kuma a ƙarshen watan Disamba na 2020 kamfanin ya daina kula da ita ɗungum. Darussan da ba a juya su zuwa HTML5 ba, watau ƙa'idar shafukan intanet da kowa ke da hannu a ciki, sun mutu murus. Idan makaranta ta ce maka darasinta ba ya buɗewa sai a tsohuwar kwamfuta, to ka san tsohon kaya ake sayar maka.

ƘUGIYAR HARUFFANMU

Akwai wata ƙa'ida da ta shafe mu Hausawa fiye da kowa. Tun shekarun 1930 rubutun bokonmu ya ɗauki haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma kowa ya san ƙafa daban kafa daban, ɓata daban bata daban, ƙasa daban kasa daban. Tsofaffin kwamfutoci ba su san waɗannan haruffa ba. Masu ɗab'i sukan ƙirƙiro nasu salon harafi, amma da an kai rubutun wani inji sai ƙugiyar ta koma akwati ko alamar tambaya.

Maganin wannan ya zo da Unicode, wadda aka fara fitarwa a 1991. Ita ta ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta kansa wadda ba ta canzawa daga inji zuwa inji, kuma haruffanmu suna ciki, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Saboda haka yau babu hujjar da mai shirya darasin Hausa zai kawo ta zubar da ƙugiya. Allon rubutu na Gboard da ke wayoyin Android yana da Hausa, sai dai a shiga a zaɓa.

Abin ya wuce kyan gani. A jarrabawar da inji ke dubawa, idan amsar da aka ajiye ƙasa ce kai kuwa ka rubuta kasa, inji bai san uzuri ba, faɗuwa zai ba ka. Haka nan idan kana neman wata kalma a cikin littafin darasi, wadda aka rubuta da ƙugiya ba lalle ta fito ba in ka neme ta babu ƙugiya. Har wa yau, saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ guda ta shiga sai ya koma 70, domin tsohon tsarin saƙon bai san su ba. Wannan yana cikin dalilan da ke sa masu aika darussa ta tes su yar da ƙugiya don rage kuɗi.

NAUYIN DARASI

Ɗalibin Amurka ba ya lissafin data, namu kuwa da ita yake kwana yake tashi. Murya ta awa guda, idan an matse ta yadda ya kamata a tsarin MP3, tana iya tsayawa wajen megabayit 30. Bidiyo na awa guda kuwa yakan ninka haka sau goma ko fiye, gwargwadon kyan hotonsa. Littafi sukutum na rubutu zalla a tsarin PDF bai kai nauyin bidiyon 'yan mintoci ba. Makarantar da ta san halin ɗalibanta takan ba da darasi ɗaya ta hanyoyi uku, rubutu da murya da bidiyo, ta kuma bari a sauke a ajiye a waya. NOUN, alal misali, tana ɗora littattafan darussanta a shafinta a tsarin PDF, kowa na iya saukewa ya duba tun kafin ya biya ko kwabo.

Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu makafi da kurame, waɗanda da yawansu ke zaune a Kudu. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, W3C, ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa wa naƙasassu tun 1999, ta sabunta ta a 2008 da kuma bayan nan. Cikin abin da ta tanada akwai cewa kowane hoto a rubuta bayaninsa don manhajar da ke karanta wa makaho ta faɗa masa, kowane bidiyo kuma a sa masa rubutu a ƙasa don kurma. Malamin da ya ɗauki hoton shafin littafi da waya ya tura a matsayin darasi ya rufe wa makaho ƙofa, domin a wurin injin hoto ne kawai, ba rubutu ba.

RANAR JARRABAWA

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Don taimakon waɗanda ba su saba ba, ta tsara yadda za a iya amsa tambayoyi da 'yan maɓallai kaɗan, A da B da C da D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya. Hukumar WAEC ita ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zama na kashin kansu a 2024. Ke nan duk mai niyyar gyara takardarsa ta sakandare ko shiga jami'a ba shi da makawa sai ya saba da inji. Wanda ke karatu da waya kaɗai ya samu ya je shagon kwamfuta ko da sau uku ne kafin ranar, domin taɓa gilashin waya daban, danna maɓalli daban.

Sai maganar suna, wadda ta kayar da mutanenmu da yawa. Tun 2021 JAMB ba ta rajistar kowa sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma daga can take ɗauko suna da ranar haihuwa. Mu kuwa mutum ɗaya sai ka ga Muhammad ne a takardar firamare, Mohammed a banki, Mamman a katin aiki. Wani sunan garinsu ne a ƙarshe a wannan takarda, sunan mahaifi a waccan. Akawun da yakan gane ya yi haƙuri, inji kuwa harafi-harafi yake gwadawa. Masu sunaye irin su Sa'idu da Mu'azu su lura, domin wasu fom-fom na intanet ba sa karɓar 'yar alamar nan ta tsakiya. A zaɓi rubutu ɗaya, a gyara shi a NIN, a bi shi ko'ina.

TAKARDAR SHAIDA

Duk ƙa'idojin da muka lissafa na inji ne. Akwai kuma ta hukuma, wadda ita ce ke ba takarda daraja. Digiri a ƙasar nan Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ce ke amincewa da shi, kuma tana wallafa sunayen jami'o'in da ta yarda da su, da na waɗanda ta ce haramtattu ne. Difloma da horon sana'a suna ƙarƙashin NBTE mai hedkwata a Kaduna, kwalejojin malamai kuma ƙarƙashin NCCE. Jami'a ma tana iya zama halattacciya amma ba a ba ta izinin koyar da wani fanni daga nesa ba, don haka fannin ake tambaya, ba sunan makaranta kaɗai ba.

Mazauna Ikko ba su manta da abin da ya faru a Kwatano ba. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a can cikin makonni shida ba tare da ya zauna aji ba. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, abin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya cikin zullumi. Mai sayar da takarda a intanet ya fi na Kwatano sauƙin ɓacewa, domin shi ko ofis ba shi da shi.

Takardar kirki ta zamani tana ɗauke da lamba ko alamar QR wadda mai ɗaukar aiki zai duba a shafin ita makarantar ya ga suna da maki. WAEC ta buɗe irin wannan dandali na takardunta a 2022. Takardar da ba a iya tantance ta a ko'ina, komai adon hatiminta, kwali ce kawai. Haka kuma a bambance takardar halartar kwas na mako biyu da takardar ƙwarewa. Ta farkon tana iya ƙara wa mutum sani, amma ba a shiga jami'a ko aikin gwamnati da ita.

KAFIN A CIRE KUƊI

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka tura kuɗi ga wata makarantar intanet, yi mata tambayoyin nan. Wace hukuma ce ta amince da wannan kwas, kuma ina sunansa a jerin hukumar? A ba ni darasi guda in gwada a wayata, in ga ko yana buɗewa, ko kuma yana tuna inda na tsaya. Ana iya sauke darussa a karanta babu sabis? A ina za a yi jarrabawa, kuma da wane suna za a rubuta ni? Idan na gama, ta yaya wani zai tabbatar takardar ta gaske ce? Makarantar gaskiya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Wadda ta hau hanzarta ka da cewa gurbi zai ƙare yau, ko ta ce ka tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na makaranta, ka riƙe kuɗinka.

Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi su dubi wannan al'amari. Ɗaki guda a zango mai wutar sola da kwamfuta huɗu ko biyar, da wani yaro mai ilmi da zai riƙa duba wa mutane jerin NUC yana koya musu danna maɓalli, bai fi ƙarfin aljihun kasuwa kamar Mile 12 ba. Gwamnatocin jihohin Arewa su ma, idan za su ba da kwangilar shirya darussa, su sa sharaɗin cewa a gina su bisa ƙa'idojin da duniya ta sani, da Hausa mai cikakkiyar ƙugiya, yadda darasin da aka biya kuɗinsa a Katsina zai buɗe a wayar ɗan Katsina da ke Apapa.

A zamanin Yaƙi da Jahilci kakanninmu sun zauna gindin bishiya bayan sun taso daga gona, suka koyi abacada da girmansu. Mu kuwa darasin ne ya biyo mu har rumfa. Abin da ya rage shi ne mu iya auna shi kafin mu saya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya mayar da kowa gida lafiya.